Almakashi da Mangwaron Baba

Almakashi ake ce mata tun tana budurwa, kuma ba don ɗinki kaɗai ba. Tela ce, shagonta ɗan tsut a bakin titi: keken ɗinki biyu, tebur ɗaya, sai madubi mai tsaga a gefe. In ka kawo mata yadi, sai ta shimfiɗa shi, ta shafa da tafin hannu, ta auna, ta sake aunawa, ta ƙura masa ido kamar ta manta da kai. Can sai ka ji ƙaras, ta yanka. Ba a taɓa ganin ta tsaya a tsakiyar yadi tana cewa "ko dai?" ba. Tunaninta kafin yanka take yin sa. Bayan yanka kuwa sai ɗinki.

Haka ta tafiyar da rayuwarta kaf. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, dangi suka cika mata ɗaki suna rabon wanda zai ɗauki wane. Ta ba su ruwa suka sha, ta nuna musu ƙofa. Da keken nan ta riƙe 'ya'yanta har suka zama mutane.

Sai ga maganar mangwaro.

A tsakar gidan iyayenta akwai bishiyar mangwaro da babansu ya dasa da hannunsa shekarar da ya auri innarsu. Baba ya kwanta dama, bishiya ba ta fasa girma ba, har saiwarta ta kutsa ƙarƙashin ɗakin Inna. Daɓe ya kumbura, ƙofa ta daina rufuwa sai an sa kafaɗa, bango ya tsage tun daga sama, daidai kan gadon tsohuwa. Magini ya zo ya duba, ya ce ko ya liƙe aikin banza ne, muddin saiwar na nan bangon ba zai ga ƙarshen damina ba. Inna kuwa ta kafe: ba ta barin ɗakinta, ba kuma mai taɓa mata itacen mijinta.

Yayansu, babban namijin gidan, ya kira taro. Ya sake kiran taro. A inuwar bishiyar ake zama, ana shan 'ya'yanta, ana lasar yatsu, ana cewa a bari a ƙara tunani. Autarsu kuwa da an ambaci sara sai ta ɓarke da kuka, wai kamar a sake binne Baba ne. Ga hadari ya fara haɗowa a gabas.

Almakashi kuwa ta miƙe. Ta shiga ɗakin Inna, ta zaro tef ɗinta daga wuya, ta auna faɗin tsagar. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta sake aunawa. Inda yatsa ɗaya ke shiga, yanzu biyu ke shiga. Ta naɗe tef, ta durƙusa a gaban uwarta.

"Inna, gobe da safe masu sara za su zo."

"Da izinin wa?"

"Ba izini na zo nema ba. Na zo ne ki ji daga bakina, kada ƙarar inji ta riga ni."

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. "Ke dai tun kina goye ba kya jin bari. To ki saurara. Ranar da aka taɓa itacen nan, kada ƙafarki ta ƙara taka min ɗaki."

Maganar ta soke ta, don ita ce mai yi wa Inna kitso a kan gadon nan. Amma ta riga ta auna.

"Na ji, Inna. Gara ki hana ni shiga ɗakin yana tsaye, da in zo ina tono ki a ƙarƙashinsa."

Da safe Yaya ya iso a guje, hula a karkace, ya tarar masu sara sun ɗaura igiya.

"Ke! Wa ya naɗa ki babba a gidan nan?"

"Ba kowa, Yaya. Kujerar na gani ba mutum a kai. In za ka hau, bismilla: ga su nan, ka ce su sara ko ka ce su tafi. Amma in sun tafi, kai za ka riƙa kwana a gadon Inna."

Yaya ya dubi bango, ya dubi agogonsa, ya tuna ana jiran sa a wani wuri.

Aka sare, aka tone saiwa, magini ya tayar da sabon bango. Gida ya yi fayau, rana ta samu hanya har cikin kicin. Inna ta cika alkawarinta, ta ɗauke wa 'yarta wuta. Damina guda Almakashi na zuwa kullum kafin ta buɗe shago, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ta, ba amsa. Ba ta yi magiya ba, ba ta aiko kowa ban haƙuri ba. Masu kawo ɗinki, da son jin gulma, sukan tambaye ta ko ta yi nadama. Sai ta ce, "Ɗaga hannu in auna ki."

Gungumen dai ba ta bari an yi makamashi da shi ba. Ta kai wa kafinta ya fitar da 'yar kujera, ta ajiye a ƙofar ɗakin. Inna ta riƙa kewaye ta kamar ba ta gan ta ba.

Ruwa ya zo da ƙarfi a shekarar, ya ɗauke, bango na nan daram. Wata safiya Almakashi ta zo gaisuwa ta ga babu kujera a waje. Kujerar na cikin ɗaki, Inna na zaune a kanta, tana ta fama da zare da allura.

"Ina kwana, Inna."

"Kin tsaya kin tare min haske. Shigo ki zura min abin nan."

Ta cire takalmi ta shiga, ta zura zaren tashi ɗaya.

"Ba wai na huce ba ne fa."

"Na sani, Inna."

"To tura ƙofar, iska na shigowa."

Ta sa yatsa ɗaya ta tura, ƙofa ta rufu ruf.