Tagar Hawa na Goma Sha Ɗaya

Mahaifina magini ne irin na da, mai tubali da azara. Sorayen garinmu Kara, a ƙasar Gwarzo, da yawa aikin hannunsa ne, kuma har daga Kabo da Masanawa akan zo a ɗauke shi a babur idan rufin ɗaki ya fara yoyo. Yana da wata ɗabi'a da ta ishe ni ina saurayi: ba ya taka tsani sai ya sanar. Tun ana gobe aiki zai bi zaurukan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya gaya wa masu gida. Da safe kuma ya tsaya gindin katanga ya ɗaga murya, "Salamu alaikum, maza za su hau, a kintsa!" Sau uku yake faɗa, sannan ya jira mai wanka ta gama, mai kitso ta ɗaura kallabi. Ko ya hau ɗin ma, baya yake juya wa gidan maƙwabta. Na sha tsayawa da kwanon kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kaina, wuyana kamar ya karye, ina cewa a raina wannan tsoho akwai ɓata lokaci.

Da na gama karatu sai aiki biyu suka zo mini kusan tare. Ɗaya koyarwa ce a Kabo, kusa da gida da gona. Ɗayan kuwa a wani kamfani ne a Kano, cikin sabon benen nan mai hawa goma sha huɗu da ake ta labarinsa a majalisun Gwarzo. Baba na Kabo yake so, ni kuwa zuciyata tuni ta hau mota. Ya ce, "Ban hana ba, ban kuma yarda ba. Je ka fara, sai na ga wurin da idona." A gidanmu idan Baba ya ce a bari, to an bari ke nan. Na san ranar da ya girgiza kai, ranar zan tattara takarduna in dawo, komai son da nake wa aikin.

Duk ƙarshen mako in na zo gida, tambayoyi ne ke jirana tun kafin in cire takalmi. Harsashin ginin gaba nawa aka haƙa? Ruwan sama ta ina yake sauka, tunda an ce babu indararo ko ɗaya? Da me suka miƙa siminti can ƙoli? Ni kuwa ko ɗaya ban sani ba. Sai ya yi tsaki ya ce, "Wata guda kana zaune a kan abu, ba ka san abin da ke riƙe da kai ba. Boko dai!"

Abin da na sani shi ne tagata. Teburina yana hawa na goma sha ɗaya, jikin gilashi, kuma wallahi na so tagar nan fiye da aikin kansa. Daga nan kana ganin Dala da Goron Dutse, da hasumiyoyin masallatai, da shirwa tana shawagi a ƙasa da kai. Ni da na saba ɗaga kai in kalli shirwa! A bayan benen kuma wata tsohuwar unguwa ce, gidajenta a buɗe kamar kwanukan da aka cire wa murfi. Na san gidan da ake kiwon tattabaru, na san inda ake shanya barkono. Akwai wani gida daidai ƙasan tagata, mai bishiyar darbejiya da wani yagaggen tamfol yana lilo a jikin katanga, wanda ya fi ɗaure mini kai. Matan gidan ba sa zama a tsakar gida sam. Ko ruwa za su ɗebo a randa, da hijabi suke fitowa, su bi jikin bango da sauri su koma ɗaki. Har na taɓa nuna wa abokin aikina, na ce ko dai wani abu ke bin su ne, muka yi dariya.

Ranar da Baba ya shirya zuwa, wata Talata ce. Na je gida na taho da shi, muka hau mota a tashar Gwarzo, shi da babbar rigarsa ta Juma'a. Tun daga nesa, muna cikin cunkoson shiga gari, ya hango benen ya tsere wa duk rufin da ke kewaye, rana tana walƙiya a jikinsa. Ya dafa kujerar gaba ya leƙa. "Wancan ne? Tabɗi! Ai hasumiya ko ƙugunsa ba ta kai ba."

Da muka isa bai yarda mun shiga ba sai da ya zagaye ginin. Yana tafe yana ƙwanƙwasa ginshiƙai da bayan yatsa, yana kara kunne. Ya tsugunna ya gano bututun da ke sauko da ruwan sama ta cikin bango, ya yi murna kamar shi ya saka shi. Ya tsare maigadi da tambaya, aka yi sa'a mutumin yana nan tun ana haƙa harsashi, ya ce ramin sai da ya haɗiye motar haƙa ba a ganin kanta. A cikin lifta ya riƙe hannuna gam yana dariya, yana cewa yau ga ɗaki yana hawa da ƙafarsa. Na ce a raina shi ke nan, na ci nasara.

Na gabatar da shi ga abokan aiki, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida da damina. Sannan na ja shi zuwa tagata, abin da na ajiye masa na ƙarshe. Ya hango Dala ya yi kabbara. Ya bi garin da ido a hankali, yana kiran sunayen unguwannin da ya gane. Sai idonsa ya sauko ƙasa.

Da baya ya ja, har ya ture kujerata, ya juya wa gilashin ƙeya.

"Subhanallahi! An sanar da su?"

"Su wa, Baba?"

"Mutanen gidajen nan."

Dariya ta kuɓuce mini, kuma har yau ina jin haushin kaina a kanta. Na ce ai nan birni ne, wa zai bi gida ɗari yana sanarwa? Bai ko murmusa ba.

"Kullum nan kake zama?"

"E, Baba."

"Kana kallo?"

Na sunkuyar da kai. Ƙarya ba ta yiwuwa, ga teburin nan manne da taga. Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo baya, domin na ga aikin yana zamewa daga hannuna.

Sai Baba ya nufi ƙofa. Na zaci tasha za mu, ashe bayan benen ya nufa. Ya shiga lungun unguwar yana ɗaga kai yana auna inda tagata take, har ya tsaya a ƙofar gidan mai darbejiya ya yi sallama. Maigidan wani dattijon tela ne, kekensa a zaure. Bayan an gama gaisuwa Baba ya ce, "Alhaji, ni magini ne daga Gwarzo. Wannan ɗana ne, a benen can yake aiki. Na zo in gaya maka ana ganin tsakar gidanka daga sama, kuma yana cikin masu gani. A yafe mana."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Telan ya cire tabarau ya daɗe yana kallon Baba. Ya ce sun sani, tun ginin yana hawa na huɗu suka sani. Iyalinsa sun bar zama a waje, girki da wanki da kitso duk a ɗaki ake yi, har a cikin zafin bazara. Ya ɗaura tamfol sau biyu iska ta yage. Uwargidansa mai ciwon ƙafa, wadda ta saba shan hantsi a gindin bishiya, rabonta da zama a wurin an fi shekara biyu. Sai ya ce, "Malam, tun da aka sa harsashin ginin nan, kai ne mutum na farko da ya sauko ya yi mana sallama."

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce mararrabar Kabo. Ni kuma ban isa in tambayi Baba hukuncin da ya yanke ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ranar Asabar ka nemo a-kori-kura. Akwai zana da itace a bayan rumbu."

Asabar da hantsi muna gidan telan, matan sun koma maƙwabta don mu yi aiki. Baba ya auna rumfa doguwa, daga ƙofar ɗaki ta rufe murhu da randa har gindin darbejiya, ya karkatar da rufinta ta fuskar benen yadda rana za ta shigo ta gabas amma ido ba zai shigo ba. Ni ya miƙa wa dagi. Rabona da haƙa rami tun ina sakandare, kafin na uku hannuna ya yi kanta, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Na tuɓe riga na rataye a reshe, na ci gaba.

Can na miƙe don in huta, na ɗaga kai. Ban taɓa ganin benen daga nan ba. Ya cinye rabin sama, tagogi jere a kan jere, duk baƙaƙe, ba ka ganin kowa a ciki, ba ka kuma san ko akwai mai ganinka ba. Na nemi tawa na kasa ganewa. Ban san lokacin da na fizgo rigata na mayar a kan gumin ba.

Ashe Baba yana kallona. Ya ci gaba da ɗaure zanarsa, ya ja igiya da haƙori ya tofar da zare, sannan ya ce, "To, yanzu ka sani. Ran Litinin ka koma aikinka, Allah ya yi albarka. Miƙo min wancan itacen."