Kati Na Goma

Kujerun na fara gani da muka shiga. Tara ne, an jera su a kan dandamalin zauren wasanni na makarantarmu, kowace da farin kati a manne a jikinta. Ban matsa kusa don in karanta sunayen ba, domin ni na rubuta su. Malamar ajinmu ta zaɓe ni saboda rubutuna ya fi na kowa kyau, kuma ba ni da surutu. Kati na goma yana cikin aljihun rigar sanyina, da sunan kakana a kai. Ba wanda ya sa ni rubuta wannan katin.

Ina aji biyar a lokacin, farkon shekarun tamanin, muna zaune a ƙasar Turawa, muna haya a wani bene kusa da titin Wendover. Baba yana karatun noma a jami'a. Kaka, mahaifin Baba, ya zo daga gida a yi masa aikin ido, kuma saura mako uku ya koma. Tsohon soja ne. Ya yi yaƙin Bama a rundunar Ingila, cikin ruwan sama da daji, da kaya a ka. Da aka gama, aka sallame su da lambobi da tikitin jirgin ƙasa. Ya taɓa gaya mini cewa tun daga ranar ba a sake kiran sunansa a gaban jama'a ba.

Mako biyu kafin wannan rana malama ta ce za a yi bikin 'yan mazan jiya, duk mai tsohon soja a gida ya kawo sunansa. Na ruga gida na gaya wa Kaka an gayyace shi. Washegari na jira sai da kowa ya fita shan iska, sannan na je teburinta.

"Wane yaƙi ya yi?" ta tambaye ni.

"Na Bama. Da Japan."

Ta yi murmushi, ta kira ni da kalmar nan ta Turanci mai nufin zuma, da take kiran kowa da ita. "Wannan biki na waɗanda suka yi yaƙi a ɓangarenmu ne. Amma ki kawo shi ya yi kallo, za mu ji daɗi."

Na tsaya ina kallon wani zare da ya saki a maɓallin rigarta har aka buga ƙararrawa. A gida kuma na kasa warware abin da na faɗa. Kwana uku Kaka yana goge lambobinsa huɗu. Ya nemi toka bai samu ba, sai ya koma wa man goge haƙoran Mama, ya ƙarar da rabinsa.

Ranar bikin Baba ya sauke mu a ƙofar makaranta ya wuce jami'a. Kaka yana sanye da farar babbar riga, lambobin a jere a ƙirji, da baƙin tabarau da likita ya ba shi. Malama ta tarbe mu. Ta kama gwiwar hannunsa kamar ta kama yaro, ta bi da mu bayan iyaye duka, ta zaunar da shi a benci kusa da kwandon ƙwallaye. Sai ta ƙwanƙwasa lamba ɗaya mai siffar tauraro da jan farcenta, ta juya ga wata malama ta ce kayan sun yi kyau, da ma ya zo makon da yara suke shigar dodanni suna karɓar alewa.

"Amarya, me ta ce?" in ji Kaka. Haka yake kira na, wasan kaka da jika.

"Ta ce sannu da zuwa."

"Muryarta ba ta ce haka ba." Ya juya kai yana neman haske da idon da aka gyara. "Ina sauran mazan?"

"Suna can gaba."

"To mu fa? Gadin ƙwallo aka ba mu?"

Ina kallon bayan malama tana tafiya, takalminta na hagu ya ci ta gefe. Akwai furen da take ji da shi a tagar ajinmu, ni nake ba shi ruwa duk Juma'a. A nan zaune na yanke shawarar zan riƙa haɗa masa da gishiri. Na kuwa yi, cokali guda duk mako, sai da ganyensa suka koma kamar takarda. Har yau ban ji ciwon abin ba. Amma a wannan safiyar fure bai ishe ni ba. So nake abin ya same ta a gaban mutane, a daidai wannan zauren.

Aka kira sunaye tara, tsofaffi tara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, aka yi ta tafi. Sai aka busa begila. Kaka bai san Turancin da aka yi ta yi ba, amma ya san wannan. Ya miƙe tsaye, ya buga ƙafar dama a daɓen katako, ƙarar ta cika zauren, ƙwallo ɗaya ta faɗo daga kwando ta gangara. Ya sara, ya ƙame. Yara suka juyo suna dariya a cikin hannayensu. Malama ta hango ni, ta yi mini alama da yatsa in zaunar da shi. Karo na farko ke nan da ta ba ni umarni na ƙi bi. Na kalle ta ido cikin ido har begilar ta yi shiru.

Bayan an tashi aka fito da biskit da lemo. Ina neman hanyar da za mu zame sai ga tsohon da ke kujera ta bakwai, dogo, da sanda, da na'urar ji a kunne. Ya sunkuya a gaban Kaka ya daɗe yana duban tauraron.

"Bama?" ya ce.

"Bama, sa!" in ji Kaka.

Tsohon ya ce in gaya masa shi ma ya yi can. A jirgin sama yake, aikinsa tura buhunan abinci da ƙafa ta ƙofar jirgi. Ya ce suna hango baƙaƙen sojoji a ƙasa, layi guda cikin daji, kowa da kaya a ka, suna mamakin wuyan da ke ɗauke da wannan nauyi. Na fassara.

Kaka ya cire tabarau. "Tambaye shi, ko shi ne ya jefo buhun shinkafar da ya fasa mana tukunya? Japan wata shida suna nemana ba su same ni ba. Buhunsa kuwa saura taku biyu ya same ni."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce in ba Kaka haƙuri, ƙafarsa ba ta taɓa yin saiti ba.

"Na yafe," in ji Kaka. "Amma ki gaya masa shinkafar da tsakuwa."

Suka riƙe hannun juna ba su saki ba. Sai tsohon ya dube ni ya tambaya me ya sa ba a sa kakana a kan dandamali ba. Na fito da katin daga aljihu, gefensa ya lanƙwashe da zufar hannuna, na miƙa masa. Na maimaita masa maganar malama kalma da kalma, har da ta shigar dodanni. Ban rage komai ba, kuma ban yi ƙasa da murya ba. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce yanzu zai je ya ɗauko kujera da kansa.

Mutane ba su watse ba tukuna. Malama tana can bakin tebur tana zuba wa shugaban makaranta lemo, tana dariya. Ni da ba na iya gai da maƙwabci sai an tura ni, na riƙo hannun rigar tsohon nan.

"Don Allah kar ka ɗauko," na ce. "Ka kira ta da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Ka tambaye ta a wane ɓangare kakana ya yi yaƙi. Sannan ka ce ita ta ɗauko kujerar da hannunta, ta manna katin, ta kira sunansa."