Is'haƙa Mai Pijo

A Dogon Dutsi, in ka ce Is'haƙa kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Pijo, kowa zai nuna maka gidan da ke bayan tsohuwar tasha, inda wata farar mota ƙirar 404 mai rufin tamfol ke tsaye gindin gawo.

Ɗan manomin gero ne daga Kieshe. Ya shigo gari yana saurayi, ya koyi gyaran mota a garejin wani Bazabarme. Yana can wata shekara Turawa masu tseren motoci suka ratso ƙasar. Ɗaya ta lalace kusa da gari, aka turo ta garejin. Direbanta yana ta ɗaga hannu yana faɗa da Faransanci, mai gareji kuma ba ya nan. Is'haƙa ya buɗe, ya ga tiyon radiyeta ne ya fashe. Ya yanko robar taya ya naɗe, ya ɗaure da waya. Baturen ya ce ya hau su gwada.

"Ban san mota tana gudu haka ba," in ji Is'haƙa. "Dutsin nan na garinmu, kafin in ce bisimilla mun bar shi baya. Na ji tsoro, na kuma ji daɗi, har yau ban san wanne ya fi yawa ba."

Bayan shekara bakwai ya sayi Pijonsa hannun wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Shekara talatin yana jigila da ita tsakanin Dogon Dutsi, Tibiri da Gesheme: buhunan gero, awakin Fulani, mata masu zuwa biki, wani lokaci gawa. Bai taɓa tsere da kowa ba. Amma in hanya ta miƙe babu fasinja, yakan ɗan taka ta, ya ji yadda take amsawa.

Daga baya sabbin bas suka cika tasha, fasinja suka koma can. Sannan yanar ido ta rufe masa gani. An yi masa aiki, na dama ya ɗan buɗe, amma likita ya hana shi tuƙi. Motar ta zauna shekara huɗu. Kowace Juma'a da safe yakan tayar da ita, ya saurari injin, ya goge ta da tsumma, ya kashe.

Wata rana wani matashi mai suna Mukhtar ya yi sallama. Zai yi aure, yana son a ba shi aron motar.

"Ina za a kai amaryar?" Is'haƙa ya tambaya, fuskarsa ta washe.

"A'a Baba, ba tafiya za a yi ba. Hoto kawai za mu ɗauka jikinta. Irin waɗannan tsofaffin motoci su ake yayi yanzu."

Tsohon ya juya ya dubi motar. Can ya ce, "Motata ba bango ba ce da za a jingina. Lafiyarta lau."

Mukhtar ya tafi yana jin kunya. A'i, ɗiyar Is'haƙa ta uku, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta ji komai daga cikin gida. Ta fito ta zauna kusa da shi.

"Baba, kai ka ce lafiyarta lau. To mi ya sa take tsaye?"

"Wa zai tuƙa ta? Yayyenki duk babur suka sani."

"Ni ina da parmin tuƙi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce giyar wannan a jikin sitiyari take, ba irin ta motocin koyo ba. Ta ce ai mai koyarwa yana zaune gida ba aikin komai.

Wata biyu suka yi suna fita bayan gari da la'asar. Yana zaune gefenta, ba ya ganin hanya sosai, da kunne yake koyarwa. "Ji kukanta, A'i. Ta gaji da ta biyu, ba ta ta uku." Sau da yawa motar ta mutu mata cikin rairayi, ya yi faɗa, ita ma ta yi fushi ta ce ta bari. Washegari sai ya ga ta ɗauko makulli.

Shi da kansa ya aika aka kira Mukhtar. Ya ce ya yarda da hoton, amma da sharaɗi: motar ce za ta ɗauko amarya daga gidansu a Tibiri.

Ranar bikin, A'i ta tuƙa, Is'haƙa yana gefenta da babbar riga, amarya da ƙawayenta a baya kan tabarma. Da suka shigo tasha, tsofaffin direbobi suka miƙe suna ɗaga hannu. Wani dattijo mai suna Nuhu ya biyo su da sauri yana cewa cikin motar nan aka kai matarsa asibiti haihuwar fari.

Yanzu kusan kowane wata ana zuwa neman ta. Wani ɗan kasuwa daga Yamai ma ya zo taya ta, Is'haƙa ya ce masa ya tambayi direba. A'i ta ce ba ta sayarwa ba ce, kuma ranar Asabar suna da biki a Gesheme.