Kan Jirgi daga Dubai, Dogo daga Riyad

Abin da na so a ce ban yi ba a tafiyar nan shi ne raba ciniki gida biyu.

Yayana Iliyasu ya yi aikin zuba gawayi a jirgin ƙasa a Sudan, da wannan gumin ya ƙetaro da ni Madina ina ƙarami. Da ya tsufa idanunsa suka tafi, ciwo ya kwantar da shi a gidan 'yarsa a unguwar Jurf, nan Madina. Wata rana ya ce yana so ya ƙara jin jirgi yana tafiya, ko da ɗan ƙaramin nan ne na wasan yara mai lantarki. Na ce zan kawo.

Madina zuwa Riyad

Na bar gidana a unguwar Sih kafin kiran asuba. Direban bas ɗin Bahaushen Sudan ne.

"Ya Hajji, me za a sayo?"

"Jirgin ƙasa."

"To sayo mai kujeru da yawa, in huta da wannan akwalar."

A Riyad na samu shago ɗaya mai kayan. Layin dogonsa da araha, amma kuɗin kan jirgin ya sa na nemi kujera na zauna. Na kwana wurin wani ɗan garinmu, muna cin shinkafar kabsa ya rantse mini cewa a Dubai rabin kuɗin ne. Ni kuwa tun ina saurayi ban iya jin kalmar rabi in yi barci ba.

Dubai

A kan iyaka, a Bataha, aka sauke mu aka duba fasfo, rana tana dukan kai. A kasuwar Dera na ga abin da nake nema wurin wani Ba'indiye: kan jirgi baƙi, ƙirar Jamus, da 'yar fitilarsa. Kuɗinsa bai kai na Riyad ba ko kusa, sai dai dogonsa ya fi tsada.

"Baba, haɗa su tare," in ji shi. "Kowane kai da faɗin dogonsa."

Na ɗauka daɗin bakin 'yan kasuwa ne. Na biya kuɗin kai, na koma Riyad na sayi dogo, ina ta yaba wa wayona.

Jurf

Na shimfiɗa dogon a gaban gadon Yaya, na ɗora kan jirgin. Ƙafafunsa suka zauna a waje, ko motsi bai yi ba. Na juya, na danna, a banza.

"Na yi ɓarna, Yaya. Gobe zan koma Dubai."

Ya laluba ya kama hannuna.

"Zauna, Ɗanladi. Tun da ka tafi ba wanda ya yi mini hira da Hausa. In na yi wa yaran nan magana, da Larabci suke amsawa. Miƙo kan jirgin nan."

Ya shafa shi daga fitila har baya. Sannan ya shiga tura shi a kan bargo, yana kukan jirgi da baki, yana kiran tashoshi: Kosti, Sannar, Kasala. Duk inda ya tsaya sai ya ce, "Akwai mai sauka?" in ce babu. Haka muka yi har aka kira magariba, kuma ban koma Dubai ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni na same shi da sauran numfashi. Ku da kuke karantawa, don Allah in mara lafiya ya aike ku, ku saya a inda kuka fara gani, ku dawo ku zauna kusa da shi.