Baba Mai Lasar Bango

Duk wanda ya san surukina, Baba Magini na Yekuwa, ya san ba ya gaisawa da mai gida sai ya lashi bangonsa. Wai harshe ne kaɗai ke gane ƙasar da ta kwana a kwaɓe. Mu dai mun sha kunya.

Da wani falke a Bande ya ɗauko magina daga Kano, Baba ya yi takakkiya har can, ya lashi ginin, ya tofar. Falken ya tambaye shi yaya ya gani.

"Kunu ya yi kyau, maigida, saura tsamiya."

Abin da ke ci masa rai shi ne wuri, kuɗin wancan zamani. A zamaninsa, in ji shi, gini gayya ce: a buga ganga, a tuƙa tuwo, dangi su kawo azara, bango ya tashi. Yanzu kuwa samari sun ɗanɗana ginin soraye a Damagaram, ko tubali ɗaya ba sa miƙa maka sai an yi ciniki. Wani ya taɓa biyan Baba da wuri cike da ƙwarya, sai ya lilliƙe su a saman ƙofar zaure, ya ce ga amfaninsu nan. Gida ko gishiri babu, zaure kuwa ya sha ado kamar amarya! Ni na riƙa ƙwaƙule su da tsinke ina cefane. Da ya ga gurabe sai ya kalle ni.

"Ikon Allah, garar bana da zane take yawo."

Shi da ya gina rabin gari, ɗakinsa ya tsage, ga damina ta matso. Mijina ya roƙe shi a sayar da akuya a ɗauki samari. Ina! Gayya ya kira. Na tuƙa tuwon gayya har kafaɗata ta sage. Tsofaffi huɗu suka zo, haƙoransu in an haɗa ba za su cika baki ɗaya ba. Suka ci suka ƙoshi, suka zagaya ɗakin, suka tabbatar masa lallai ya tsage, suka tafi. Na cika fam, amma da na gan shi zaune a gindin bangon sai tausayi ya kama ni.

"Rabu da su, 'yata," in ji shi. "Akwai ɗakin da har yau ba a yi masa ciniki."

Ruwan farko ya kwantar da bangon. Baba ya koma kwana a zaure, sanyi ya kama ƙirjinsa, bai ga kaka ba. Mijina ya ce samarin nan kaf suka fito maƙabarta suna ƙwacen fartanya, wasu na haƙa, wasu na saro itace, ba wanda ya nemi wuri ko ɗaya. Wani ma ya ɗebi ƙasar ya sa a harshe, ya ce ta yi.

To Baba, ka ci gardama, kuma ko tuwo ba ka bayar ba. Allah Ya yalwata maka wannan ɗakin, Ya sanyaya shi, Ya sa ba ya yoyo. Amin.