Ranar da Abokan Gaba Suka Ƙi Faɗuwa

Har gobe ba zan manta da ranar da samarin ƙauyen Araba suka kusa ja mini asarar ƙarin girma ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in al'adu a Illela, shekara shida a mataki ɗaya. Sai aka ce za a yi bikin tunawa da wani yaƙi na zamanin Daular Usmaniyya, a kwaikwaye shi gaban babban baƙo daga Sakkwato. Maigidana a ofis, Alhaji Bello, ya ce in abin ya yi kyau, da hannunsa zai sa hannu a takardata.

Ga wanda bai san aikin ba, ana raba mutane gida biyu ne, a ba su sanduna maimakon takubba. In an buga tambari sau uku, ɓangaren da tarihi ya ce an ci su da yaƙi sai su zube ƙasa.

Ɓangaren masu nasara ya cika nan take, 'yan kabu-kabu da 'yan canji kowa na son naɗa rawani. Abokan gaba kuwa babu mai so. Na je wurin Arɗo, shugaban makiyayan Araba, ya ba ni samari ashirin. Mun yi gwaji sau biyu a bayan makaranta, suna zubewa kamar buhunan gero. Abin da ban lura da shi ba, ran gwaji babu 'yan mata.

Ran biki kuwa 'yan matan ruga suka caɓa ado suka cika gefen fili. Aka buga tambari sau uku, ba wanda ya faɗi. Aka sake. Ashe yaran nan 'yan sharo ne, wasan da ake tsula wa saurayi bulala yana murmushi don kada a ce rago ne. Suka buɗe ƙirji suna karɓar sanda, 'yan mata na ta guɗa. Can suka fara ramawa. Rawanin wani ɗan canji ya warware, masu nasara suka soma ja da baya. Alhaji Bello ya harare ni.

Na ruga wurin Arɗo, na ce, "Baba, don Allah ka ce su faɗi."

Ya ce, "Mi? Gaban 'yan mata? Malam, ko ubansu ya taso ba su faɗuwa."

Allah ya yafe mini abin da na yi. Na zagaya bayansu ina ihu cewa shanun Araba sun faɗa gonakin albasa a Kalmalo. Kai! Ban rufe baki ba suka juya, sanduna a kafaɗa, suna tsallake benci, babu mai waiwaye.

Babban baƙo ya ce bai taɓa ganin gudun abokan gaba mai kama da gaskiya irin wannan ba. A makon Alhaji Bello ya sa hannu. Samarin kuwa sun tarar da shanunsu kwance suna tuƙa, kuma shekara guda cur babu matar ruga da ta yarda ta sayar mini da nono.

Ku da kuke tasowa a aikin nan, tsarin takarda ba ya isa. Kafin ka ce wa mutum ya faɗi, fara tambaya wa zai zo kallo.