Rumbun Alminiyam na Balarabe Mai Raga

Duk wanda ya saba bi ta tashar manyan motoci ta Talata Mafara da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, kullum da naɗin igiya a kafaɗa. Kafin masu shayi su gama hura wuta ya riga ya zagaya motar albasa ko ta shinkafar Bakura, yana dafa buhuna ɗaya bayan ɗaya. Direba ya yi ta danna ham, shi ko a jikinsa. Sai ya ga nauyi ya zauna a tsakiya, manya a ƙasa ƙanana a bisa, sannan ya yafa raga, ya bi ta kusurwa-kusurwa yana ja, ya rufe da wani ƙulli nasa mai kunne biyu. Ƙullin nan ko Legas za a je ba ya kwancewa, amma ja ɗaya ake yi masa ya saki.

Shi ne Malam Balarabe Mai Raga. Bana ya ajiye igiya saboda hannu ya fara rawa. Ba a yi masa taro ba, ko kaza ba a fige ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Aikin raga ba a tasha ya koye shi ba. Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, yana saurayi, ya shiga lebura a siton kamfanin da ke aikin. Idan wani inji ya lalace ana gaggawar kayan gyaransa, ba a jiran jirgin ruwa, ta sama ake aiko su. Su sauka Kano, mota ta kawo su Mafara yadda aka sauke su: wasu a kan wani faffaɗan faranti na alminiyam an lulluɓe su da raga, wasu cikin akwatin jirgi. Akwatin nan ya kusa tsawon mutum, kuma an fere masa gefe guda daga ƙasa don ya dace da zagayen cikin jirgin. Aikin Balarabe shi ne ya kwance, ya sauke, ya naɗe ragar, ya raka farantan da akwatunan Kano a mayar wa masu su. Mutumin da bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba, ya san tumbin jirgi ciki da bai.

Sai dai ruwan da ake tarewa, ƙauyensu zai ci. Tungar Marke, a ƙasar Maradun, tana cikin garuruwan da aka ce su tashi. Aka mai da mutanenta wani tudu mai jar ƙasa, suka bar fadama, suka bar kushewun iyaye, suka bar rumbunan laka da ba a iya ɗauka a ka. Tun daga nan sunan Balarabe ya koma ɗan kamfani. In ya yi sallama a majalisa, sai a amsa masa a ciki-ciki.

Gidan su Balarabe kuwa shi ne gidan iri. Akwai wata jar dawa mai saurin nuna da kakanninsu suka riƙe, wadda duk Tunga a wurinsu ake karɓar irinta. Al'adar gidan ita ce, da kaka a zaɓi zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure dami daban, a ba babban gida ya ajiye. Ko yunwa za ta kashe mutum ba a taɓa shi, kuma ƙane ba ya ajiyar iri, sai dai ya karɓa daga hannun wansa. A lokacin babban gida shi ne Jibo, wan Balarabe, mutumin kirki amma mai zuciya, wanda in ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Balarabe ya ziyarci sabon mazaunin, ya ga rumbun da Jibo ya ɗaga cikin gaggawa, lakar ko bushewa ba ta gama ba, ga shurin gara ko'ina a tudun. Hankalinsa ya tashi. A bayan sito akwai wani akwatin jirgi da ya lotse a hanya, masu shi suka ce ba zai ƙara hawa jirgi ba. Ya roƙi mai kula da sito, aka bar masa. Ya buge lotsawar, ya toshe ɓarakar, ya ɗora shi a motar da za ta Maradun, ya sauke shi a ƙofar gidan wansa. Yara suka taru suna dariya, wai ga rumbu mai ƙusumbi.

Jibo ya fito, ya dubi akwatin, ya dubi ƙanensa.

"Ɗauke tarkacenka," in ji shi. "Waɗanda sunka sa ruwa yac ci gonar ubanmu, su za su ba ni rumbu?"

"Yaya, ba don ni ba, don iri. Ƙasar ga gara gare ta, kuma rumbunka bai bushe ba."

"Yaushe ƙane yaf fara koya ma wa ajiyar iri? In dai ina da rai, abin kamfani ba shi shiga gidan ga. Kai ma da kac ci gishirinsu, tsaya can wajensu."

Balarabe ya juya da kayansa. Ya mai da akwatin Mafara, ya kafa shi a bayan ɗakin da yake haya. Ya ɗora shi bisa duwatsu kamar kowane rumbu, ya yi masa jinka don kada rana ta gasa abin da ke ciki, ya shimfiɗa toka da ganyen dogon yaro a ƙasansa. Ya gama duk wannan hidima, alhali ba shi da ko zangarniya ɗaya da zai sa.

Wadda ta cika rumbun ita ce Batulu, matar Jibo. Tana nan da ranta, tsohuwa tukuf, kuma daga bakinta na ji wannan labari. Ta ce tun da ta ga gara ta fara hawa ƙafar gadonta ta san magana ta ƙare. Ranar da za ta gaida mahaifiyarta a Bakura, ta zari rabin damin iri, ta sa a kwando, ta rufe da kuka da kuɓewa busassa, ta biya ta Mafara.

"Ƙanen miji, ga amana," ta ce masa. "Yayanka bai sani ba. In yaj ji, Bakurar ga da za ni, na tahi ke nan."

"Ba shi ji daga bakina," in ji Balarabe.

Da bazara ta kawo jiki, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Jibo ya hau rumbu zai fiddo iri ya raba wa mutane. Ya zura hannu, ya ɗebo jar ƙasa da ƙaiƙayi. Gara ta shiga ta ƙasa ta gama aikinta tun tuni. In ji Batulu, sai ya sauko ya zauna a gindin rumbun, ya kasa shiga gida, ya kasa fita waje, ga mutane sun fara zuwa da ƙoransu. Ba abinci kaɗai ya tafi ba. Abu ɗaya ne mutanen Tunga suka tsira da shi daga ruwa, kuma a hannunsa ya salwanta.

Batulu ta aika wa Balarabe. A nan ne mutumin ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Da wani ne, da ya ɗauko damin da rana tsaka, ya dire shi a tsakiyar majalisa, kowa ya ga ranar ɗan kamfani. Shi sai ya tuna cewa babba ba ya karɓar iri daga hannun ƙane, kuma in aka tilasta wa Jibo haka a gaban jama'a, an gama da shi. Ya ɗaure damin, ya sa a buhu, ya ba direban motar Maradun ya kai wa Batulu, da saƙon cewa ta ce ita ta raba irin biyu ta ɓoye a ɗakinta.

Haka ta faɗa. Jibo ya zazzage buhun, ga zangarniya jajir, ko ƙwaya ba ta huje ba, tana ƙanshin toka da dogon yaro. Sai idonsa ya sauka kan igiyar. Ƙulli ne mai kunne biyu. Hannu ya riga ya saba, Balarabe ya ɗaure damin yadda yake ɗaure kayan jirgi. Jibo ya daɗe yana kallon ƙullin, sannan ya ja kunne ɗaya, ya saki.

"Ɗaurin ga na san shi," abin da ya ce ke nan. Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu, ya fita ya raba iri.

Dawar ta yi kyau a tudun fiye da zato. Ta bazu har Dosara da Gidan Goga, kuma saboda daga hannunsa aka karɓe ta, aka sa mata suna 'yar Jibo. Har gobe haka ake kiranta a kasuwa. Batulu kaɗai ke cewa dawar gidanmu, don ba ta faɗin sunan miji.

To, da a nan labarin ya ƙare da daɗi. Jibo ya sani, Balarabe ya san ya sani, amma kunya da girman kai suka hana babba buɗe baki, biyayya ta hana ƙarami. Suna haɗuwa a suna da jana'iza, a gaisa sama-sama a rabu. Da ciwon ajali ya kama Jibo, ya ce a kira masa Balarabe. Ranar kuwa Balarabe ya raka farantan jirgi Kano. Kafin saƙo ya same shi ya dawo, an riga an kai Jibo makwancinsa. Batulu ta miƙa masa igiyar nan, ta ce a aljihun rigarsa aka same ta. Abin takaici ne, wallahi, a ce 'yan'uwa biyu sun ƙare zamansu da magana ɗaya a tsakani, ba wanda ya furta ta.

Malam Balarabe, kai ne ka sha zagin gari ka ajiye musu abin shuka. Kai ne ka rufa wa wanka asiri har ka bar masa yabon da yake naka. Raga mai riƙe kayan mutane, ba a taɓa cewa buhu ya faɗo daga motar da ka ɗaure ba. Mun ci tuwon dawar nan shekara da shekaru ba mu san hannun da ya tsare ta ba. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Jibo. Masu ƙanne da masu yayye, ku duba: in akwai wanda ya yi muku irin wannan, ku je ku faɗa masa yau, tun yana jin ku.

Akwatin yana nan a bayan gidansa, an sake masa jinka ba adadi. Masu narka tukwane sun yi ta zarya a sayar musu, ya hana. Har yanzu iri yake ajiyewa a ciki, yawanci na mutanen ƙauyukan da rashin tsaro ya kora. Da na je gaishe shi, na ce ya kamata a gyara sunan dawar nan, a mai da shi ga mai shi. Ya girgiza kai, ya daɗe yana murza tsohuwar igiyar a hannunsa.

"A'a, ku bar mata sunanta," ya ce. "Duk wanda yaz zo nan yac ce in ba shi 'yar Jibo, sai in ji kamar Yaya na yat turo shi wurina."